Mai Zanen Da Ya Sa Zane Ya Yi Rawa

'Yan makaranta, yau da tambaya za mu fara. Wa ya taɓa ganin maharbi da burtu a cikinku? Waɗanda su ke zaune a garuruwan bakin Kwara, daga Bagudo zuwa Illo, watakila sun gani, ko kuwa sun ji a bakin kakanninsu. Maharbi ya kan sami itace ya sassaƙa shi kamar kan tsuntsun nan burtu, da dogon wuya da baki, ya naɗe shi da fata, ya ɗaura a goshi. Sa'an nan ya yafa baƙin mayafi, ya durƙusa, ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsu na kiwo, har ya kusanci nama, naman bai farga ba.

To, wannan abu sassaƙa ne ko kwaikwayo? In ka ce sassaƙa ne, sai mu ce ka rataye shi a reshe ka koma gefe, ka gani ko zai kai ka kusa da barewa. In ka ce kwaikwayo ne, sai mu ce ka ajiye itacen ka durƙusa haka nan, ka gani ko za ta tsaya maka. Ashe sana'a biyu ce ta zama ɗaya, wanda ya raba su kuwa ya kashe su duka.

Amma a makaranta raba su mu ke yi. Zane yana da sa'arsa, aikin hannu yana da tasa, wasan kwaikwayo kuwa sai ƙarshen shekara a ke tunawa da shi. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani mutumin Nijeriya wanda ya ƙi yarda da wannan rabo, ya kashe shekarunsa yana ɗinke abin da makaranta ta yaga. Sunansa Demas Nwoko. Ba Bahaushe ba ne, amma a Zariya idonsa ya buɗe. Za mu faɗi abin da ya yi, mu auna shi, mu nuna inda mu ke ganin ya dace da inda aikinsa ya bar giɓi.

Daga Fada Zuwa Zariya

An haifi Demas Nwoko cikin 1935 a Idumuje-Ugboko, wani gari na ƙasar Ibo a yammacin Kwara, cikin jihar da a ke kira Delta yanzu. Ubansa, Obi Nwoko na biyu, shi ne sarkin garin. Duk wanda ya tashi a gidan sarauta, ko a Kudu ko a Arewa, ya san fada ba wurin shari'a kaɗai ba ce. Can a ke ganin gini, da ado, da kiɗa, da yadda kowa ya san inda zai tsaya da sa'ad da zai durƙusa. Yaro mai lura ya kan koyi tsarin wasa a nan tun bai san sunansa ba.

Cikin 1957 ya shiga babbar kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ya yi karatun zane har 1961. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, abin da suka iya kuwa shi suka koyar, watau zane irin na ƙasarsu. Cikin 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya tasu ta masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da shi Nwoko. Daga baya mutane suka laƙaba musu suna 'yan tawayen Zariya.

Kada ku ji an ce tawaye ku zaci sun ƙi karatu ne. Sun koyi duk abin da aka koya musu, suka ƙware. Abin da suka ƙi shi ne a ce musu kyau yana Turai kaɗai. Ra'ayinsu, wanda Uche Okeke ya rubuta cikin 1960, shi ne mai zane ya ɗauki dabara duk inda ya same ta, amma ya koma gida ya nemi siffa da ma'ana, ya gama su har su zama abu guda, kamar yadda a ke dama fura da nono, ba mai iya cewa ga inda wannan ta ƙare ga inda wancan ya fara. Okeke ya koma ga zanen da matan Ibo su ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Nwoko ya zuba ido ga sassaƙar ƙasarsu, da kuma kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a kudancin ƙasar Zazzau cikin 1928.

Akwai wani hoto da ya zana cikin 1960, ya sa masa suna Nijeriya Cikin 1959. Turawan mulki ne zaune bisa kujeru a jere, fuskokinsu a yamutse kamar waɗanda suka kwana ba barci. A bayansu ga baƙaƙen mutane masu yi musu hidima a tsaye cikin duhu, sai ka ƙura ido za ka gan su sosai. Ba wanda ya ke magana, amma kowa ya duba ya san wa zai tashi, wa zai zauna. Mu a ganinmu tun daga wannan hoto an ga inda mutumin ya dosa. Ya jera mutane kamar yadda mai shirya wasa ya ke jera 'yan wasa, ya sa haske da duhu su faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Mashayin Bammi

Da ya bar Zariya ya tafi Badun, inda aka kafa wata ƙungiya ta marubuta da masu zane cikin 1961, mai suna Mbari. A nan ya yi cuɗanya da su Wole Soyinka, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo, da Ulli Beier. Daga nan ya tafi Faris ta ƙasar Faransa ya koyi tsara fagen wasa, watau yadda a ke shirya dandali, da tufafi, da haske. Cikin 1963 ya zama malami a sabuwar makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Badun, wadda Geoffrey Axworthy ya shugabanta. Ya zauna a jami'ar har 1978.

A shekarar da ya fara aiki aka ɗora masa kaya mai nauyi. Amos Tutuola ya wallafa wani littafi da Turanci cikin 1952, The Palm-Wine Drinkard, watau Mashayin Bammi. Labarin wani malalaci ne wanda ba shi da aiki sai shan bammi. Mai hau masa itace ya faɗo ya mutu, shi kuwa don tsananin kwaɗayi ya tashi ya nufi garin matattu wai zai komo da shi. A hanya ya gamu da dodanni da aljannu iri iri. Jami'a ta gayyato Kola Ogunmola, shahararren ɗan wasan Yarbawa mai yawo gari gari da ƙungiyarsa, don ya mai da littafin wasa da harshen Yarbanci, da waƙa da kiɗa. Ogunmola ya mai da tafiyar duka mafarkin mashayi. Aka haɗa shi da Nwoko, aka nuna wasan a Badun cikin 1963.

Ku tsaya ku duba wuyar aikin. A cikin littafin akwai wani kyakkyawan saurayi da ya zo kasuwa, wata yarinya mai ƙin maza ta gan shi ta bi shi. Ashe duk jikinsa na aro ne. Da suka shiga daji sai ya riƙa mai da kowace gaɓa ga mai ita, ƙafa, hannu, fata, har ya saura ƙoƙon kai kaɗai. Ku da kuka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kun san irin wannan labari, kun kuma san zanen aro ba ya rufe katara. Mai tatsuniya ba shi da wahala, da baki zai faɗa, yara su ƙarasa da zuciyarsu. Amma mai wasa fa? Jama'a sun zauna, idonsu biyu, suna jira a nuna musu.

Hanya biyu ce a gaban mai irin wannan aiki. Ta fari ita ce wadda aka saba a gidajen wasan Turai na wancan zamani: a zana daji a jikin babban ƙyalle, a rataye a baya, 'yan wasa su tsaya a gabansa su yi ta magana. Zane yana baya, wasa yana gaba, ba ruwan wani da wani. Nwoko ya bi ta biyu. Ya ɗauke zanen daga bango ya ɗora shi a jikin ɗan wasa. Tufa, da abin rufe fuska, da launi, da irin takun da mutum zai yi, duk tare ya ke tunaninsu. Dodo ba ya bukatar ya ce shi dodo ne, siffarsa da rawarsa sun riga sun faɗa. Ga burtun maharbi ya dawo, amma a gaban fitilun jami'a.

Wasan ya karɓu ƙwarai, aka yi ta yawo da shi, har aka kai shi babban taron al'adun Afirka da aka yi a Aljeriya cikin 1969. Kafin wannan, cikin 1966, an kai wasan Danda, wanda aka ciro daga littafin Nkem Nwankwo, zuwa taron Dakar ta ƙasar Sanagal, da hannun Nwoko a ciki. Cikin 1970 ya rubuta maƙala a mujallar Présence Africaine a kan neman sabon wasan Afirka, inda ya ba rawa da abin da ido ke gani babban matsayi. Cikin 1977 kuma, a taron FESTAC na Ikko, ya nuna wasansa na rawa mai suna Children of Paradise, watau 'Ya'yan Aljanna.

Daga Yumɓu Zuwa Gini

Mutum mai irin wannan tunani ba zai daɗe yana wasa a ɗakin da wani ya gina don wata al'ada ba. Gidan wasa irin na Turai kamar akwati ya ke da aka cire wa gefe ɗaya: 'yan kallo suna cikin duhu a jere, 'yan wasa suna can cikin haske, tsakaninsu labule. Mu kuwa a dandali kewaye mu ke yi, mai kallo ya kan amsa waƙa, ya yi guɗa, ya shiga fage ya liƙa wa makaɗi kuɗi ya koma. Saboda haka cikin 1967 Nwoko ya fara gina wurin aikinsa a kan wani tudu a Badun, ya kira shi New Culture Studios, da ɗakunan zane da filin wasa a ciki.

Bai yi makarantar magina ba. Amma ya riga ya san ƙasa, gama ya yi shekaru yana gina siffofi da yumɓu yana gasa su, yana neman irin gashin mutanen Nok. Sai ya riƙa gama jar ƙasa da siminti kaɗan yana buga tubali, yana tsara ɗaki yadda iska za ta ratsa shi, haske ya shigo ba tare da zafi ba. Cikin 1970 limaman Kirista na ɗariƙar Dominikan suka ba shi ginin ɗakin ibadarsu a Badun. Ya kuma tsara gidan al'adu na Oba Akenzua a birnin Benin. Kada ku rikita wannan birni da maƙwabciyarku ƙasar Benin: birnin yana cikin Nijeriya, ƙasar kuwa Dahome a ke ce da ita har 1975. Cikin 2023, a babban taron magina na birnin Fenis ta ƙasar Italiya, aka ba shi lambar Zakin Zinariya saboda aikin rayuwarsa duka.

Gani Da Ji

To, mun faɗi abin yabo. Yanzu sai awo, gama wanda ya yabi doki bai duba haƙoransa ba, ba dillali ba ne, maroƙi ne.

Hausawa suna da karin magana biyu da ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Ɗaya ta ce gani ya kori ji. Ɗaya ta ce magana jari ce. Nwoko mutumin ta farin ne. Amfanin hanyarsa a fili ya ke. A ƙasa mai harsuna da yawa, wasan da ido ke fahimta ya fi wasan baki nisan tafiya. Ku mutanen Bagudo kun fi kowa sanin haka. A kasuwar Lolo ko ta Tsamiya za ka ji Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, da Busanci, da Yarbanci, in ka taka ƙetaren iyaka wajen Segbana ko Malanbil ka ji Faransanci. Iyakar nan da Ingila da Faransa suka shata cikin 1898 ta raba makarantu da harshen karatu, amma ba ta raba ido ba. Rawa ɗaya za ta ba mutumin Illo da mutumin Kandi dariya a lokaci guda.

Amma akwai abin da ido ba ya iyawa. Rawa tana nuna fushi, ba ta iya kawo hujja. Launi yana nuna baƙin ciki, ba ya iya bayyana yadda aka cuci manomi a wajen awo, ko dalilin da ya sa uba ya cire 'yarsa daga makaranta. In al'amari ya kai ga gardama, dole a buɗe baki. Mun lura kuma wasan Nwoko da ya fi shahara shi ne wanda ya yi tare da Ogunmola, mutumin da Allah ya ba baki da murya da iya sa jama'a dariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idon Nwoko ya sami bakin Ogunmola, shi ya sa jinkar ta hau. Wannan ba aibi ba ne ga Nwoko, amma gargaɗi ne ga mai son koyi da shi, kada ya zaci ado kaɗai zai riƙe jama'a sa'a biyu.

Giɓi na biyu ya fi wannan ciwo. Cikin 1972 aka buga kalmomin wasan Ogunmola a littafi, da Yarbanci da fassarar Turanci. Kowa ya so ya karanta. Amma rabon Nwoko fa? Launi, da taku, da yadda dodo ya ke ɓullowa daga duhu, takarda ba ta ɗaukar waɗannan. Hotuna kaɗan da tunanin waɗanda suka gani, su ne gadon irin wannan aiki. Marubuci ya kan mutu ya bar wasansa, yara su ɗauka bayan shekara ɗari su yi. Mai tsara abin kallo kuwa, ran da aka naɗe tufafi aka sa a akwati, rabin aikinsa ya tafi. Ku duba abin mamaki: mutumin da ya ba wasan kwaikwayo shekarun ƙarfinsa, da duniya ta tashi girmama shi, saboda gini ta girmama shi. Tubali ya tsaya, rawa ta wuce. Ga wanda zai bi wannan hanya, wajibi ne ya koyar da almajirai, ya kuma rubuta yadda ya yi kowane abu, ya zana, ya adana.

Na uku, sai mu tambaya, su wa suka kalla? Dakar, da Aljeriya, da Ikko, tarurruka ne na gwamnatoci da manyan baƙi. Ba mu ce laifi ne ba, gama a nan aka nuna wa duniya Afirka tana da abin nunawa. Amma kayan da aka ɗebo daga dandalin ƙauye, ya kamata a mai da wa ƙauye riba. A nan Zariya ta sake ba da wata amsa. Cikin 1976 wani magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara wa Jami'ar Ahmadu Bello gidan wasa na ƙasa, da ɗakuna masu jinka kewaye da fili, kamar gidan Bahaushe. Daga wannan wuri su Michael Etherton, da Salihu Bappa, da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka kamar Maska da Bomo, suna jin kukan manoma, suna mai da shi wasa da Hausa a gabansu. Waɗannan ba su kai Nwoko ado ba, shi kuma bai kai su shiga ƙauye ba. Wasan da mu ke fata shi ne wanda zai gama idon wannan da ƙafar waɗancan.

Namu Wasan

Yanzu mu juyo gida. Rubutaccen wasan Hausa a makaranta aka haife shi. Dokta East ya fito da wasanni shida don 'yan makaranta, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Littattafai ne masu daraja, Hausarsu kuwa ba ta da na biyu. Amma da ya ke daga aji suka fito, da rediyo suka girma, sai muka saba da wasan kunne. Mun sha zama a bikin ƙarshen shekara na wata makaranta ko wata, mu ga an jera kujeru uku da tebur, yara su shigo su zauna, su yi ta zuba magana, su tashi su fita. Da mutum zai rufe idonsa tun daga fari har ƙarshe, ba abin da zai rasa. In haka ne, don me aka tara mu?

Abin takaici shi ne waɗannan yara su ne fa gwanayen tashe. In watan azumi ya kwana goma, yaron nan da ya ke tsaye a dandalin makaranta kamar an dasa shi, shi ne zai liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya ɗauki sanda yana rawar jiki, unguwa duka ta fito tana dariya. Wani ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su naɗa wa ɗayarsu rawani ta zama Daudu. Ba wanda ya ba su kwabo na kayan wasa. Da toka, da gawayi, da kara, da ƙwarya suka yi. Abin da Nwoko ya je har Faris ya komo ya tabbatar, yana nan a ƙofar gidanku, sai dai ba a ba shi maki a jarrabawa, shi ya sa kuka rena shi.

Mun san waɗansu za su ce, ai mutumin nan da siffofi da dodanni ya yi aiki, mu kuwa iyayenmu da malamanmu ba su yarda da sassaƙa surar mai rai ba. Magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu ce ku saɓa wa iyayenku ba. Amma darasin Nwoko ba ku kwaikwayi dodon Ibo ba ne. In kun yi haka kun koma ga zanen aro. Darasinsa kowa ya tona ƙasar da ya ke tsaye a kai. Ƙasarku kuwa cike ta ke da abin kallo wanda ba sura a cikinsa. Ku dubi aska takwas a ƙirjin riga, da dagi a goshin soro, da zanen ƙwarya, da lalle a hannun amarya, da saƙar tabarma. Ku dubi samarin Fulani na wajen Ka'oje ran sharo, yadda su ke ado kafin su shiga fage. Ku dubi hawan salla: launin rawuna, da kayan doki, da jerin wanda ke gaba da wanda ke baya, da sukuwar jafi. Wane gidan wasa ne a duniya ya fi wannan tsari?

Ba kuma tsohon abu kaɗai a ke tonowa ba. A ƙasar Benin akwai wani mai fasaha, Romuald Hazoumè, mutumin Porto-Novo, wanda aka haifa cikin 1962. Ya dubi jarkokin da a ke ɗaukar man fetur da su daga Nijeriya a kan babur, ya ga marfin kamar baki, mariƙin kamar hanci, sai ya mai da su fuskoki. Ya jera 304 a ƙasa bisa siffar jirgin bayi, ya haɗa da muryoyi da hoton masu dakon man. Babban gidan tarihi na London ya sayi aikin, ya nuna shi cikin 2007. Wace jarka ce yaron bakin iyaka bai sani ba? Kowa ya gan ta, mutum ɗaya ya dube ta.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan makarantun Bagudo, da Illo, da Zagga, da Ka'oje, da sauran masu karanta wannan shafi. In za ku yi wasa bana, kada ku fara da neman tebur da kujera. Ku fita da shi waje, ƙarƙashin itace, jama'a su kewaye ku. Ku sa mai iya zane na ajinku ya zauna tare da mai iya rubutu tun ran fari, kada a kira shi sai an gama a ce ya zana bango. Kowane mutum na cikin wasan ku tambayi kanku, in ya shigo bai ce uffan ba, da me za a gane shi? Da launin rigarsa, ko da takunsa, ko da abin da ya riƙe? In wasanku na fatake ne masu ƙetare Kwara da goro daga Gwanja, kamar yadda aka yi ta yi ta wajen Illo a zamanin da, ba ku bukatar jirgi. Shuɗin zane ɗaya da yara huɗu masu kaɗa shi ya isa kogi, gora ɗaya ta isa jirgi, in mai riƙe da ita ya taɓa lura da yadda Basarke ya ke tuƙi.

Sa'an nan ku gwada wasan sau biyu kafin ranar. Sau ɗaya ku sa wani ya toshe kunnensa ya kalla, ku tambaye shi abin da ya gane. Sau ɗaya ku sa wani ya rufe idonsa ya saurara, shi ma ku tambaye shi. In na farin bai gane kome ba, kun manta da Nwoko. In na biyun bai gane kome ba, kun manta da Ogunmola. In an gama kuma, kada ku watsar da kayan. Ku sami littafi ku zana kowace riga, ku rubuta yadda kuka yi, ku ba malaminku ya ajiye wa 'yan baya, don kada naku ya bi hanyar da wasanni masu yawa suka bi.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana yadda ta kaya, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba. Muna jira.